Ƙanena ba ya iya rufe magana, ko ciwon waswasin ne?

Maman Hafsa, Aboabo:
Assalamu alaikum. Ina da ƙane ɗan shekara 23, yana taya ni zaman shagon atamfa a kasuwar Kejetia da ke Kumasi. Likita ya ce ciwon waswasi ne da shi, wanda suke kira OCD. Maimaita alwala da wankin hannu duk mun saba. Yanzu bakinsa ne ya dame ni. Mai saye za ta biya, ya ba ta canji, ta juya, sai ya bi ta: "Hajiya, ƙirga dai, ya cika?" Ta ce ya cika, ya sake tambaya. Wata har ta fusata, ta ɗauka raina mata wayo yake. In abokin wasa ya tsokane shi, sai ya riƙe maganar, da dare ya kira mutum yana ba da haƙuri a kan laifin da babu shi. A wurin suna ana hira, in an jefo masa tambaya sai ya amsa zancen da aka wuce tun ɗazu. Da can shi ne mai ba mu dariya a gida. Ciwon ne ke taɓa magana, ko wani abu ne daban? Kuma in ci gaba da amsa masa?

Baba Ɗan Asawase:
'Yata, wannan aikin shaiɗan ne. A yi masa ruƙiyya, a kuma yi masa aure, zaman banza ne ke kawo tunani.

Nas Rabi:
Baba, da girmanka, yaron da ke Kejetia tun safe har magariba ba zaman banza yake ba. Maman Hafsa, a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa nake aiki, kuma abin da kika faɗa sananne ne. Tambayar nan ta "ya cika?" da ban haƙurin dare, su ma wankin hannu ne, sai dai da baki ake yi. Shakka ta taso, ya nemi tabbaci, hankalinsa ya kwanta na ɗan lokaci, shakkar ta dawo da ƙarfi. Duk lokacin da kika amsa, kin sauƙaƙa masa minti biyar, kin kuma ciyar da ciwon.

Rasa zaren hira kuwa, yawanci ba rashin sanin ladabin magana ba ne. Kansa na can yana bitar kalmar da ya furta ɗazu, ko ta ɓata wa wani rai. Tunda kin ce da can ba haka yake ba, ki gaya wa likitansa wannan, don yana taimakawa wajen bambance shi da otizim, lalurar da ke shafar mu'amala da mutane, wanda alamominsa ke bayyana tun ƙuruciya, ko da yake akan samu mai duka biyun. Magani iri biyu ne: ƙwayoyi irin su fluoxetine ko sertraline, waɗanda kan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga aikinsu sosai, da horon da ake kira ERP, inda ake koya masa zama da shakkar ba tare da ya yi tambayar ba. Ki tambayi sashen masu tabin hankali na Asibitin Komfo Anokye ko akwai mai yin sa.

Ɗan Nima:
Yaya, ni ma ina fama da shi. Na san sarai tambayata ta ishi mutane, ina ganin fuskarsu, amma in na yi shiru ji nake kamar na ci amanar wani. Abin da ya fi yi min ciwo shi ne "kai dai ka cika naci". Ni da matata mun shirya a gaban likita: ta amsa sau ɗaya, in na sake ta ce, "Na riga na amsa, wannan waswasin ne ke tambaya." Farkon abin har gumi nake. Kar ki yanke masa amsa kwatsam ba da saninsa ba, faɗa za ku yi.

Malam Sani, Sabon Zongo:
Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida: yaƙini ba ya gushewa saboda shakka. Ya ƙirga canji ya bayar, haƙƙi ya sauka daga wuyansa. A gaya masa wannan sau ɗaya, kar ya mai da malamai wurin neman tabbaci, yau wannan gobe wancan. Addu'a kuma ba ta hana zuwa asibiti.

Maman Hafsa, Aboabo:
Na gode, Allah ya saka. Nas Rabi, na so in ɗauke shi daga kan kuɗi in bar masa aunawa da yankan yadi kawai. Hakan ya yi?

Nas Rabi:
A'a, kar ki ɗauke shi, gudun abin ma ciyar da ciwon ne, kuma gobe zai fara shakkar tsawon yadin. Ya ci gaba da ba da canji, ki tsaya kusa, mai saye ta tafi ba tare da ya bi ta ba. Ki raka shi ganin likita na gaba ku tsara yadda za a bi a hankali.