Tafiyar da Turawa ke kira "kurus", me za mu ce mata da Hausa?

Jama'a ku taimaka min. Ƙanena da ke aiki a jirgin dakon kaya ya turo min bidiyo daga Nowe: wani jirgin fasinja yana ratsa ruwa tsakanin duwatsu biyu, ƙanƙara ta rufe musu kai, mutane zaune a bene sun ƙudundune cikin bargo suna shan shayi. Na nuna wa Inna a nan Agege, ta ce, "Ina za su?" Na ce ba inda za su, tafiyar ce kawai suka biya wa kuɗi. Ta dube ni ta ce, "To me sunan wannan aikin?" Nan na yi turus.

Hanyar kuwa tsohuwa ce. Hurtigruten suke ce mata, tun 1893 jiragenta ke bin gaɓar ƙasar. Yanzu daga Bergen suke tashi har Kirkenes, can kusa da iyakar Rasha, suna tsayawa a tashoshi 34, zuwa da dawowa kwana 12. Asalinta ma ba ta shaƙatawa ba ce, wasiƙu da kaya da mutanen ƙauyukan gaɓa take ɗauka, daga baya masu yawon buɗe ido suka cika ta. Kalmar nake nema. "Kurus" dai ba zan rubuta ba, don a Legas in ka ce yaro yana kurus, shashanci da zolaya kake nufi.

Ga amsoshin da jama'a suka turo min daga unguwannin Legas:

Daga Apapa: Yaya, ai muna da fito. Jirgin fito.

Daga Idi-Araba: A'a ɗan'uwa. Fito shi ne wanda kake yi kullum daga Marina zuwa Apapa, ka ba da kuɗin fito, ka ƙosa a sauke ka. Mai fito tsallake yake nema. Waɗannan kuwa in aka sauke su da wuri faɗa za su yi.

Daga Obalende: Shawagin teku fa? Yana da daɗin faɗa.

Ni kuwa na ce daɗi kam akwai, amma da na ji shawagi shaho nake gani, ko jirgin sama yana kewaya gari. Kuma mai shawagi ba ya yada zango, wannan jirgi kuwa bini-bini ya tsaya.

Daga Zangon Agege: Yaro, kun yi nisa. Rangadi ake cewa. Sarki in ya fita rangadi gari-gari yake bi, ya kwana nan ya wuni can, ya komo inda ya tashi. Me ya raba shi da jirginku? Rangadin teku.

Daga Idi-Araba: Baba, Allah ya ƙara girma, amma mai rangadi aiki ya fita dubawa.

Daga Zangon Agege: Su ma ƙasar Allah suka fita dubawa. Ba an ce da bazararsu a birnin Tromso na arewacin Nowe rana takan yi kusan wata biyu ba ta faɗi ba? In na samu kuɗi ni ma sai na je na ga yadda ake magariba a wurin.

Ni dai Baba ya gama da ni. Rangadin teku zan riƙa rubutawa in tafiyar ta kwanaki ce mai zango-zango, jirgin kuma jirgin rangadi. Wadda samari ke yi ranar Lahadi da kwalekwale mai inji zuwa bakin tekun Tarkwa Bay na Legas su dawo da yamma, a bar ta a shan iska, ba ta kai rangadi ba.

Na koma na faɗa wa Inna. Ta ce yanzu ta gane, sai dai tana so a tambayi ƙanen nawa ko da bargonsa ya tafi.