Bututun hayaƙi: ta rufi ko ta bango?

Maman 'yan biyu, Ngaundare: Assalamu alaikum. Ina so a gina min murhun itace mai bututu, hayaƙi ya ishe ni, ga yara kullum cikin tari. Ɗakin girkin mita 3 ne da 2, rufin kwanon gajere, kuma katangar maƙwabcinmu ta fi shi tsawo. Magini ya ce a huda kwano bututun ya miƙe sama. Maigida ya ce zai yi yoyo, gara a fitar ta bango. Don Allah wanda ya taɓa yi ya ba ni shawara.

Ɗan Garwa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki yi girkinki a tsakar gida mana, mu haka muke yi.

Maman 'yan biyu: Ku ke nan a Garwa. Mu nan damina ta fi wata shida.

Kawu Marwa: 'Yata, bi a hankali. Ni na yi wa tsohuwarmu irin wannan, jaka 40 na kashe. Maginin ya fitar da bututun ta bango, ya sa masa gwiwa biyu, wato ya lanƙwasa shi wuri biyu, bai ma kai tsinin rufi ba ya tsaya. Da farko lafiya lau. Hunturu na shigowa iska ta riƙa dukan bakinsa tana maido hayaƙi cikin ɗaki. Tsohuwa tana girki tana hawaye, ba ta faɗa min ba don kada raina ya ɓaci. Da muka kwance shi, kunkunniya ta toshe gwiwar kamar an zuba kwalta, katakon da ke jingine da shi kuma ya yi baƙi. Allah ne ya tsare gobara. Na nemi mutumin, ya ce wai itacenmu ne ɗanye. Har yau tarin bai sake ta ba, abin yana ci mini rai.

Mai walda: Allah ya ba ta lafiya Kawu. Amma jaka 40? An cuce ka. Bututu da hularsa jaka 15 nake yi. Hajiya, iska mai zafi ce ke hawa sama ta ja hayaƙi, don haka tsawo ke ba shi ƙarfi, kowace gwiwa kuma rage shi take yi. Ya wuce tsinin rufi da kamar santimita 60, a sa hula. Ki bar taga ko kafa a ƙasan ƙofa, in iska ba ta shigo ba hayaƙi ba zai fita ba.

Uwargida Kusiri: Nawa jaka 7 ne, da gwangwanin man gyaɗa da yumɓu, yana nan yana aiki.

Mai walda: Gwangwani ba ya ƙetare damina biyu, tsatsa za ta cinye shi.

Uwargida Kusiri: Kai ciniki kake nema. Ka taɓa tuƙa tuwon mutum goma? Mu da muke gaban wuta a bar mu mu yi magana.

Ɗan Garwa: Mai walda ko shayi sai an dafa masa 😂

Ɗalibi: Maganar Mai walda daidai ce fa Inna. Kawu, shi ma maginin bai yi ƙarya duka ba, ɗanyen itace ne ke tara wannan baƙin danƙon. Abu ɗaya kuma, kada a kwana da gawayi a rufaffen ɗaki saboda sanyi. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.

Kawu Marwa: Yaro, busasshen itacen a ina? Ɗaurin da muke saye dala ashirin yanzu ko shayi ba ya dafawa, rabinsa kuma jiya aka sare shi.

Baƙo daga Njamena: Ku gode wa Allah. Mu tun da aka hana gawayi wajen 2009 muke fama. An ce a koma gas, to ranar da ya yanke sai ka ga mata da tukwanensu a layi tun asuba.

Uwargida Kusiri: Shi ya sa kuke ƙetaro gada daga Njamena zuwa Kusiri kuna tsawwala mana kuɗin gawayi!

Baƙo daga Njamena: Haba Hajiya, mu ne? Tambayi masu amalanke nawa ake karɓa a hannunsu a hanya kafin kaya ya iso kasuwa.