Masu keke a Yamai, ina kuke aje shi in kun shigo gari?

ɗan_Kirkisoy ya rubuta:

Salamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu hawan keke a nan Yamai, don Allah wanda ya san abin ya amsa min don ya dame ni sosai. Ni a Kirkisoy nake zaune, aikina kuma a wani shagon kayan lantarki ne kusa da babbar kasuwa, kullum sai na ƙetare kogi safe da yamma. Da taksi nake yi, wata rana ma sai na shiga biyu kafin in isa, da na zauna na lissafa abin da ke fita a wata sai na ga ya kusa kai kuɗin hayar ɗakina. Shi ya sa bara na tara kuɗi na sayi keke okaziyo jikka 45, kuma wallahi na ji daɗinshi, da safe in gada ta cushe ina wuce motoci suna tsaye.

Wata uku da saye maigidana ya aike ni wani ofis in kai takarda. Mai gadi ya ce ba a shiga da keke, parkin na motocin ma'aikata ne. Na ɗaure shi a jikin bishiya da irin siririyar wayar nan mai lamba, ban yi minti ashirin a ciki ba, na fito sai wayar na tarar a ƙasa an datse ta. Wanda duk na tambaya sai ya ce bai ga kowa ba.

Yanzu na sake haɗa kuɗin wani amma tsoro nake ji. Ku da kuke hawa kullum, ina kuke aje shi in kun zo babbar kasuwa ko Katako ko banki? Masu tsaron babura suna karɓar keke, nawa suke amsa? Wane irin kwaɗo ne na kirki? Sannan abin da na kasa ganewa, an yi gadoji, an yi eshanjer, wato gadojin sama na mahaɗar hanyoyi, an faɗaɗa gudron, me ya hana a ware mana ko da taku biyu ne a gefen hanya?

Baba_mai_faci ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya mayar maka da mafi alheri. Ni gyaran keke ne sana'ata a Bukoki tun ban yi aure ba, yarona ne ke rubuta min wannan ina faɗa mishi.

Wayar nan mai lamba ka manta da ita, ko almakashin mai walda ya ishe ta. Ka je wajen masu ƙarafa a Katako su yanko maka sarƙa mai kauri kamar mita guda, ka sa ta cikin tsohuwar robar taya don kada ta kankare fenti, ka sayi kwaɗo babba irin na ƙofar shago. Da nauyi, na sani, amma ɓarawo sauri yake so, in ya ga aikin zai ɗauke shi lokaci gaba yake yi. Kuma ka ɗaure jikin keken ne da tayar baya a haɗe, a jikin abin da ba ya tumɓukewa. Da yawa tayar gaba kawai suke ɗaurewa, su dawo su iske taya na nan keken ya tafi. In irin keken nan mai kaurin taya da ake ce wa VTT ne mai ɗan hannun nan da ake buɗe taya da sirdi ba sai da sifana ba, ka kawo a canza maka da noti na gaske, aikin minti goma ne.

Masu tsaron babura suna karɓa mana. Inda na sani dala 10 ne ko dala 20, ka amshi tike ka riƙe shi da kyau. Abin da ke ɓata min rai da su kawai, keke a can ƙarshe suke jingine shi, wani ya zo ya turo babur a kai, sai ga shi an kawo min wil ya lanƙwashe ko waya biyu uku sun tsinke. Ka samu mutum guda ka saba da shi, ka riƙa gaishe shi, ranar da ka samu ka ƙara mishi wani abu, zai nema maka wuri mai kyau.

Sai abu na ƙarshe, in za ka saya ka amshi takarda daga mai sayarwa, ka juya keken ka duba ƙasan inda feda take akwai lamba a buge a ƙarfen, ka ɗauki hotonta a waya. Wanda aka sace maka da kana da lambar da ka samu abin faɗa a komisariya. Kada kuma ka sayi na wanda ya tare ka a hanya da araha, yawanci hawayen wani ne.

Rakiya_Harobanda ta rubuta:

Sannu ɗan uwa, mu ma nan gefen kogin muke. Ni ɗaliba ce a jami'ar Abdu Mumuni kuma shekara biyu ke nan ina hawan keke, don haka gadar Kennedy na san ta sarai. Tun 1970 aka buɗe ta, lokacin garin bai kai ko kusa da haka ba, hannu ɗaya zuwa hannu ɗaya komowa, kuma a nan taksi da faba-faba da babura da amalanke da masu tura baro kowa ke neman hanya. Tsawonta ya ɗan haura mita 700 amma da magariba in fitilun motoci suka haske maka ido sai ka ji kamar ba za ta ƙare ba. Ni in na ga abin ya yi yawa sauka nake in tura a gefen masu ƙafa. Gada ta biyu da ƴan Sin suka gina, wadda aka buɗe a 2011, ta fi faɗi nesa ba kusa ba, sai dai motoci gudu suke a kai don sun samu fili, kuma ga mai zuwa babbar kasuwa sai ka duba ko zagayen zai biya ka. Ta ukun ta Seyni Kunce can sama take wajen Gudel, ba ta hanyarka.

Maganar ware hanya kuwa, ba sai mun je Turai ba. Na yi wata guda a Wagadugu wajen yayata, manyan titunansu da yawa akwai hanyar masu taya biyu daban a gefe, kuma ka ga mata manya da zanensu suna tuƙa keke da kayan miya a baya ba mai kallonsu. Ko'ina ka tsaya akwai mai parkin da tikensa. Rana ɗaya ce ke dukanmu da su, ƙura ɗaya. Nan kuwa har yau in na tsaya a danja sai wani ya leƙo ta taga ya ce wai ba a saya min babur ba ne. Ƙawayena da yawa suna so, maganar mutane ce ke hana su, da kuma tsoron hanya. Wannan na biyun shi ne wanda hukuma za ta iya gyarawa, in aka gyara shi na farkon zai mutu da kanshi.

Abdul_Lazare ya rubuta:

Gaskiya ni ban yarda ba. A watan Afrilu zafi ya wuce 40 wa zai tuƙa keke ya isa aiki da riga jiƙe? Ka ƙara haƙuri ka tara ka sayi babur ko na hannu ne, a Yulin 2024 ai an rage kuɗin man fetur ya koma sefa 499 lita. Kuma hanyar da ko motoci ba ta isa ba ina za a samu wurin keke.

Rakiya_Harobanda ta rubuta:

Malam Abdul, ka tuna watan Maris na 2025 da mai ya yi wuya, mutane suna tura babura suna bin layi a gidajen mai? Ni ban fasa darasi ko ɗaya ba. Zafi gaskiya ne, amma da ƙarfe bakwai na safe ake fita, ba da azahar ba. Kuma shi bawan Allah bai ce a zaɓa mishi abin hawa ba, wurin ajiya ya tambaya.

Ba'adare ya rubuta:

Assalamu alaikum mutanen Yamai. Ni daga Tawa nike, amma na yi shekara huɗu nan wajenku. Mu nan abin da sauƙi, garin bai kai naku girma ba kuma an san juna, in ka tahi kasuwa sai ka aje gaban shagon wani da ka sani ka ce mishi ga amana, shi ke nan. Abin da ya kashe keke garinmu kabu-kabu ne, yanzu yaro ko nan da can za a aike shi sai ya nemi na kabu-kabu. Lokacin da munka yi makaranta kekuna ne jere gindin itace, kowa ya san nashi. Da anka yi aikin gyaran gari na Tawa Sakola a 2017 an samu sabon gudron, mun gode Allah, amma daga ka sauka bisa gudron sai rairayi da tsidau, rana guda sai ka yi faci biyu. Shawarata gare ka ɗan uwa, tunda shago kake aiki ka roƙi maigidanka ya bar ka ka riƙa shigar da shi ciki, ko ka rataya shi ga bango da ƙugiya biyu, ba ya cin wuri.

Injiniya_Sani ya rubuta:

Na karanta duka, bari in sa baki don aikin hanya nake yi, kodayake ba da sunan kowa nake magana ba.

Abin da Abdul ya ce babu wuri, a wasu tituna haka ne, cikin tsakiyar gari wajen kasuwa ba yadda za a yi sai an taɓa masu tebur. Amma ku dubi manyan hanyoyi irin bulbar Mali Bero ko hanyar filin jirgi, filin yana nan, yashi ne ya cinye shi. Yawancin lungunan unguwanninmu ba gudron ba pabe, iska ta kwaso, ruwan damina ya kwaso, duk a gefen titi yake zubewa, wato daidai inda mai keke ya kamata ya bi. Tayar keke siririya ce, in ta shiga yashi sai ta kwashe ka, don haka dole ka matso tsakiya, direba kuma ya ga kamar da gangan ka tare mishi hanya ya hau danna oda. Ga kanibo, wato magudanar ruwa, da aka ɗage murfinsa ba a mayar ba, ga mota an aje rabi a kan titi. Ko fenti aka shafa aka ce nan hanyar keke ce, in ba a share yashin a kai a kai ba kuma ba a sa ɗan dakali ya raba ba, wata biyu zai zama wurin aje motoci da na masu sayar da kankana.

Eshanjer kuma, tun daga na Mali Bero a 2013 har na Diori Hamani a 2018, da manyan ayyukan da aka yi kafin taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019, tunanin da ke bayansu shi ne mota ta wuce ba ta tsaya ba. Ban ce ba su da amfani ba, sun rage cunkoso. Amma ga mai keke wurin da ya fi hatsari shi ne inda hannun da ke saukowa ya haɗu da na ƙasa, motar ta taho da gudu kai kuma kana tsakani. Ka bi ta ƙasa, ka sa fitila gaba da baya in dare zai same ka, ka sa riga mai haske.

Wurin ajiya kuwa shi ne ya fi komai araha, shi ya sa rashinsa ya fi ba ni haushi. Bututun ƙarfe ne kawai a lanƙwasa shi kamar ƙofar baka, a kafa ƙafafunsa biyu cikin siminti, tsayinsa ya kai ƙugu, a bar kamar mita guda tsakanin wannan da wancan. Kowane ɗaya keke biyu yake ɗauka, kuma jikin keken ake ɗaurewa. Duk mai walda a Katako zai yi shi rana guda. Wurin da mota ɗaya ke tsayawa zai ɗauki keke takwas zuwa goma. Kada a yi irin mai ramin nan da ake cusa tayar gaba, shi ne ke lanƙwasa wil ɗin da Baba ke magana. Kuma a kafa shi a bakin ƙofa inda mai gadi ke gani, in da inuwa ya fi, ba can bayan gini ba. Wannan ba sai an jira babban aiki ba, mai kanti ko mai farmasi ko kwamitin masallaci zai iya yi da kanshi, in wurin na hukuma ne a nemi izinin ofishin da'irar. Ni da za ku haɗu ku rubuta takarda ku kai, ku a Harobanda da'ira ta biyar ce taku, zan zana muku yadda ƙarfen yake da awonsa kyauta.

ɗan_Kirkisoy ya rubuta:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Baba, ban taɓa sanin akwai lamba a ƙasan keke ba sai yau, insha Allah ranar Asabar zan sayo sarƙar tun kafin in sayi keken. Na yi wa maigidana maganar ƙugiya kamar yadda ɗan uwanmu na Tawa ya ce, ya yarda in rataya shi a bayan shago inda muke aje kwalaye, sauran matsalar in an aike ni ne. Malam Abdul, babur ina so amma ko na saya kullum sai ya ci, wannan kuwa iska kawai yake nema.

Injiniya, da gaske nake son zanen nan. Layinmu akwai shago shida kuma na ƙirga mutum biyar masu zuwa da keke har da wani dattijo mai kawo mana kunu, in kowa ya sa jikka ɗaya ko biyu ina ga za mu iya kafa ƙarfe uku a gaban shagonmu. Malama Rakiya, in akwai ɗalibai masu keke da za su sa hannu a takardar ki sanar da su. Wane kaurin bututu za mu ce wa mai walda, kuma rami nawa ne zurfinsa?