Sauke gaban a-kori-kura da inci 3: ta ina zan fara?

Mai_Akorikura:
Assalamu alaikum. Mota ce mai ja da ƙafar baya kawai, gabanta am (hannun ƙarfen da ke haɗa ƙafa da shasi) biyu ne, na sama da na ƙasa, da sifirin mai naɗi. Ina so gaban ya sauka da kamar inci 3 ba tare da ta riƙa cin taya ko dukan ƙasa ba. Wasu sun ce a yanke sifirin, wasu sun ce a sauya sifindil (ƙarfen da ƙafa ke juyawa a jikinsa). Wanne ya fi? Rim ɗina inci 15 ne.

Bakanike_Ƙafa:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka kwance komai, aje motar a wuri mai daidai, ka auna daga tsakiyar ƙafa zuwa bakin madigadi, hagu da dama, ka rubuta. Sannan ka leƙa ka auna tazarar da ke tsakanin am ɗin ƙasa da robar da ke tare shi idan ƙafa ta lotsa. Wannan tazarar ita ce jarinka. Duk saukar da ka samu ta gajarta sifirin, daga cikin tazarar ake cire ta, kuma idan ta ƙare motar za ta zauna kan roba, kowane rami sai ya daki shasi kai tsaye.

Shi ya sa na fi son sifindil mai sauke mota. Sandar da ƙafa ke hawa ce aka ɗaga sama a jikinsa, yawanci da inci 2, don haka jikin mota ya sauka amma sifirin, shokazoba da kusurwar am duk suna yadda kamfani ya bar su. Ragowar inci 1 sai ka samo shi da gajeren sifirin da aka ƙera don motarka. Biyu da ɗaya, uku ke nan, kuma inci ɗaya kacal ka ci daga tazarar.

Amma rim 15 ɗinka abin dubawa ne. Da sabon sifindil, boljoyin (mahaɗin am da sifindil) na ƙasa da bakin am suna ƙara kusantar cikin rim, wasu sifindil ɗin ba sa shiga sai da rim 17. Duba abin da maƙerinsa ya rubuta kafin ka saya. Kuma kada wani ƙarfe na ƙafa ya sauko ƙasa da leɓen rim, domin ranar da taya ta fashe shi zai fara kartar titi.

Injiniya_S:
Na yarda da Oga, sai dai yanka ba haramun ba ne idan saukar kaɗan ce. Abin da ake mantawa shi ne sifirin yana zaune ne wajen tsakiyar am, ba a bakin taya ba, saboda haka inci 1 da ya ragu a tsayinsa yana iya zama kusan inci 2 a ƙafa. A yanke kwata ko rabin naɗi, a mayar, a zagaya da motar ta zauna, a sake aunawa. Da guranda ake yanka, kuma sai a sifirin da bakinsa bai zama lebur ko tsukakke ba, in ba haka ba ba zai zauna a kujerarsa ba. Ƙona shi da wutar gas don ya lotsa kuwa ɓarna ce: zafi yana kashe taurin ƙarfen, ya ci gaba da lotsawa, gefe ɗaya ya fi ɗaya, wata rana ya karye.

Ga masu sandar toshin (sandar ƙarfe mai murɗewa da ke ɗauke nauyin mota) maimakon sifirin, ana sassauta notin da ke ƙarshen sandar bayan an ɗaga motar, juyi iri ɗaya a kowane gefe. Ya fi sauƙi, amma shi ma tazarar yake ci.

Mai_Akorikura:
Na gode ƙwarai. To shokazoba fa, sai na sauya?

Bakanike_Ƙafa:
Da sifindil kaɗai, a'a. Da gajeren sifirin, gwada tsawon shokazoba a matse: dole roba ta tare am kafin shokazoba ya ƙure, in ba haka ba zai fashe ya zubar da mai. Idan ya yi tsawo, sa gajere.

Wajen aiki, shasi ya hau kan tsayayyun ƙafafun ƙarfe, jak kuma ya tallafi am ɗin ƙasa kafin ka saki boljoyin, ko ka kama sifirin da abin matse shi, domin a matse yake, idan ya kufce yana iya kisa. Rataye kalifar birki (abin da ke matse faifan birki) da waya, kada ta lilo a jikin tiyonta. Notocin bushin am kada a ɗaure su tamau sai motar ta sauka kan tayoyinta, don idan an ɗaure tana sama robar za ta murɗe ta yage da wuri. Sa sababbin fil masu hana noti warwarewa a notin boljoyin da na tayarod (sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafa).

Daga nan juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, ka ga ko taya na gogar madigadi ko tiyon birki na miƙewa. Sai alaimen, wato saita tsayuwar tayoyi, kuma wannan ba zaɓi ba ne: gajeren sifirin yana sa kan tayoyi ya karkato ciki, saitin bakinsu ma ya sauya, taya ta cinye ta gefen ciki. Fitilun gaba ma a sake saita su, tunda gaban ya sunkuya haskensu zai faɗi kusa da mota.