Me za mu kira "warbird" da Hausa?

Jama'a, ku matso mu yi shawara, ko da yake na riga na kusa yanke nawa hukuncin. Ɗan yayata ne ya turo mini bidiyo daga wani fili a Ingila: wani dattijo rataye da rimot a wuya, yana tuƙa ɗan ƙaramin kwaikwayon Spitfire, wato jirgin yaƙin Birtaniya na Yaƙin Duniya na Biyu, jirgin na ta juyi a sama. Yaron ya ce, "Kawu, mene ne sunan wannan da Hausa?" Na buɗe baki na rasa ta cewa. Turawa suna kiransa RC scale warbird. Kalma uku, kowacce da tata rigimar.

Na fara da warbird. Idan aka bi ta baƙi da baƙi, "tsuntsun yaƙi" za a samu. Na gwada ta a baki, ba ta zauna ba. Bahaushe zai zaci shaho ake nufi ko mikiya. "Jirgin yaƙi" kuwa gaskiya ne, amma ya yi faɗi, domin wanda sojojin sama ke aiki da shi a yau ma sunansa ke nan. Shi warbird tsohon jirgin soja ne da ya gama aikinsa, masu sha'awa suka gyara shi suna tashinsa a bukukuwa. Spitfire ya fara tashi a 1936, an ƙera fiye da 20,000, yau masu iya tashi ba su kai ɗari ba. Akwai Mustang na Amurka da ya fara tashi a 1940, da Corsair mai lanƙwasasshen fiffike, da Zero na Japan, da Messerschmitt na Jamus.

To, tsohon sojan da ya ga yaƙi ya dawo, wanda ake fitowa da shi ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da sojoji a Najeriya, da lambobinsa a ƙirji, me muke ce masa? Ɗan mazan jiya. Shi ya sa na tsaya a kan "jirgin mazan jiya". Sunan ya ci biyu: jirgin da mazan jiya suka tuƙa, kuma shi kansa jirgin ɗan mazan jiya ne. Kada wani ya ce ba ruwanmu da waɗannan jirage. Tun daga 1940 ana sauke jiragen yaƙin Birtaniya ƙirar Hurricane a cikin akwatuna a Takoradi ta Ghana, a harhaɗa su, su taso ta Legas su yada zango a Kano da Maiduguri, su wuce Khartoum har Alƙahira. Kakanninmu sun ɗaga kai sun gan su.

RC ba ta ba ni wahala sosai ba. Asalinta radio control ne, wato sarrafawa ta igiyar rediyo. Amma ka ce "jirgin rediyo" a majalisa, za a tambaye ka ko labaran ƙarfe takwas yake karantawa. Mutanen gari sun riga mu: motar yara ma "mai rimot" suke cewa. A bar shi haka. Wani ya kawo "jirgi mara matuƙi", na ce a'a. Wannan sunan ya riga ya tafi wurin jiragen leƙen asiri da kai hari, kuma ko ba haka ba, wannan yana da matuƙi, a ƙasa kawai yake tsaye, idonsa a kan jirgin.

Inda na daɗe shi ne scale. Abin da ya fara zo mini "jirgin wasa", sai "jirgin kara", don duk mun yi motar kara da dokin kara. Na janye da na ga yadda ake yin aikin. Tsawon fikafikan Spitfire na gaske mita 11.23 ne. Mai ƙera na ɗaya bisa shida sai ya raba komai gida shida, fikafikan su dawo kusan mita 1.87, har tayoyi da gilashin matuƙi. Fiffiken Spitfire kuma ba miƙaƙƙe ba ne, siffar ƙwai gare shi, don haka kowane haƙarƙarin da za a yanka daga katakon balsa mara nauyi girmansa daban da na kusa da shi. Akwai masu ɗiga gam da sirinji, ɗigo ɗigo, don kwaikwayon kan ƙusoshin jikin jirgin, sannan su fesa baƙin hayaƙin salansa a gefen hanci kamar ya sha tafiya. A gasar duniya ta irin waɗannan ƙananan jirage, ajin da ake kira F4C, alƙalai na riƙe da hotuna da zanen jirgin asali suna gwadawa, baya ga makin da suke bayarwa na tashi. Duk wannan ado nauyi ne, shi ya sa idan matuƙi ya rage gudu fiye da kima wajen sauka, fiffike ɗaya kan saki iska, aikin wata shida ya kife a ciyawa. Wa zai kira wannan wasan yara?

"Samfuri" ma bai yi ba, ya fi kama da abin da ɗan kasuwa ke nuna maka kafin ka sayi dila. Abin da ake nufi shi ne kama, irin wadda muke cewa kamar an tsaga kara. Kalmar tana bakinmu: sak. Ƙarami ne, amma sak. Sai a ce "sak ne, ɗaya bisa shida", kowa ya gane ba sai an yi dogon bayani ba.

Ga abin da na aika wa yaron: ɗan jirgin mazan jiya mai rimot. Idan da yawa ne, ƙananan jiragen mazan jiya. Idan an bi ma'auni, a ƙara da sak. Na san ya yi tsawo, kuma na san baki zai gutsure shi ya koma "ɗan mazan jiya" a wurin masu harkar.

Saura servo, ɗan injin nan da ke jan wutsiya da gefen fiffike idan an taɓa rimot. Ni dai "tsoka" nake ce masa kafin wani ya kawo wadda ta fi ta.