Firintar allura tana yanke rabin takarda mai faɗi tun da muka sauya kwamfuta: in gyara ko in sayi wata?

Ɗan Alabar:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga wanda abin ya taɓa samu. Ni ke riƙe wa kawuna lissafi a sitonsa na shinkafa da sukari da man girki a nan Alabar, Kumasi. Mun daɗe muna aiki da Epson LQ-2190, babbar nan mai allura 24. Da ita muke buga takardar kaya mai kwafi uku: fara ta mai saye, ɗaya ta mai mota, ɗaya ta zauna a sito. Ƙarshen wata kuma mu buga lissafin bashi a doguwar takardar nan mai huji a gefe biyu, faɗinta inci 15 saura ƙiris, tsawon shafi inci 11.

Tsohuwar kwamfutarmu mai Windows 7 ta mutu, muka sayi sabuwa mai Windows 11. Na jona wayar USB, ta gane firintar da kanta. Amma tun ranar abu biyu ke damuna. Rubutun yana tsayawa a wajen inci 8 daga hagu, sauran takardar fari fat, layin jimilla da na ragowar bashi kuma sai su koma wani shafi daban. Sannan kowane shafi rubutu yana ƙara gangarowa ƙasa, kafin shafi na biyar kan lissafin ya kusa tsakiyar takarda. Na zaɓi Landscape, sai ta buga mini a kwance, sai ka karkata wuya kafin ka karanta.

Wani mai gyara ya leƙa ya ce bod ɗin ne, wato allon lantarkin da ke cikinta, ya tafi, in kawo ta shago ko in sayi wata. Kawu ya ce ran Juma'a yake so ya ji matsaya, don ƙarshen wata ya matso. In kai ta gyara, in sayi sabuwa, ko in nemo tsohuwar kwamfuta mai Windows 7?

Baban Yara, Madina:
Wa alaikumus salam. Ɗana, wa ke amfani da wannan abin yanzu? Ka sayi ta leza ka huta. Ni shekara uku ke nan, ko sau ɗaya ba ta ba ni ciwon kai ba.

Ɗan Alabar:
Baba, ta leza ba ta dukan takarda, saboda haka kwafi na biyu da na uku ba za su fito ba. Kuma takardarmu ba za ta shige ta ba.

Mai Goro:
Ka sauya ribon, ƙyallen tawadar nan. Tawa da ta fara iskanci ribon ne.

Sarkin Tasha:
Na ji ana cewa in firinta ta ƙi aiki laifin direba ne. To kawu ya sallame shi mana, ga direbobi nan birjik a tashar Aboabo suna neman mota.

Hajiyar Nima:
Ɗana, kome za ka yi, kada ka bar na'urar nan ta kwana a shagon mai gyara. Ni ce zan gaya maka, don ni aka yi wa. Tawa ma mai faɗin ce, marigayi maigidana ya saya tun muna da shago ɗaya. Abin da ya same ta bai taka kara ya karya ba, takarda ce take cijewa a gefen dama. Na sa yaro ya ɗauke ta a tasi muka kai wa wani a wajen Circle, nan Ankara (Accra). Ya ce kwana biyu. Kwana biyu suka zama mako uku. Yau ya tafi jana'iza, gobe kayan suna hanya daga Tema. Ni kuma ina can ina rubuta rasit da biro har yatsana ya yi kanta.

Ranar da na karɓo ta na biya miliyan 8. Ya buga mini shafi ɗaya a gabana, na ga baƙi ya fito, na yi godiya. Ashe ya cire kan bugawar nawa mai lafiya ya sa mini wani da alluransa suka karye. A farar takarda ta sama sai ka lura sosai za ka ga wani siririn farin layi ya ratsa tsakiyar haruffa. Amma a kwafi na uku, cikin lamba 8 ba ya fitowa sam, sai ta zama 0. Na tura katan 180 na madara Tamale, takardar da ta isa hannun mutumin tana cewa 100. Mutumin da muka yi shekara goma sha muna ciniki, har gidana yake sauka, ya tsaya kai da fata cewa 100 ya gani a takarda. Sai da aka tara dattawa a kai. Kuɗin sun fito daga baya, amma har yau ba mu koma yadda muke ba, ko sunan jikata bai zo ba.

Da na koma wa mai gyaran, rantsuwa ya dinga yi wai haka na kawo ta. Ba ni da shaida. Na bar shi da Allah. Yanzu duk abin da zai fita daga shagona sai na ɗiga masa jan farce a ciki, in ɗauki hoto.

Mai Goro:
Innalillahi. Allah ya saka miki Hajiya. Ni ma an taɓa sauya mini batirin waya haka.

Ɗalibi:
Hajiya, miliyan 8? Ai kuɗin ya sayi siton gaba ɗaya.

Hajiyar Nima:
Kai yaro ne. Tsohon kuɗi nake nufi, sidi 800. Mu bakinmu bai saba ba.

Baban Yara, Madina:
Tun 2007 aka yanke sifiri huɗu, amma har gobe Hajiya miloniya ce a Nima.

Ɗalibi:
To mu koma kan tambayar. Yaya, a ganina firintarka lafiyarta ƙalau, kwamfutar ce ke ɗauka A4 ce a ciki. Alamomin biyu duk abu ɗaya suke nunawa. Faɗin A4 inci 8 da ɗan kai ne, shi ya sa rubutu ke tsayawa a nan. Tsawonta kuma inci 11.69, taka 11, wato kowane shafi tana jan takarda fiye da kima da kusan kashi bakwai cikin goma na inci. Shafi biyar ya wuce inci 3. Bod ɗin da ya ƙone ba ya yin kuskure daidai wa daida haka.

Ka gwada da kanka. Cire wayar kwamfuta, kashe firintar, saka takarda mai faɗin, danne maɓallin LF/FF ka kunna ta kana danne da shi. Za ta fara buga haruffa da kanta. In ta cika layi daga hagu har dama, to ba ita ba ce. Kada ka yi gwajin da ƙaramar takarda, allurai za su dinga dukan robar.

Daga nan ka duba direban da Windows ta ɗora, wato manhajar da kwamfuta ke sarrafa firinta da ita, sunan ya zama LQ-2190 sak. In na ƙaramar firinta ne mai haruffa 80 a layi, ba zai taɓa nuna maka takarda mai faɗi ba. Girman da kake nema sunansa US Std Fanfold, 14.875 da 11. In babu shi, ka shiga Print Server Properties, wajen Forms, ka ƙirƙiri naka. Ka mai da shi Portrait, takardar ce mai faɗi, ba rubutun za a juya ba. Kuma ka sani iyakar abin da take bugawa inci 13.6 ne, haruffa 136.

Mai Gyara, Asawase:
Duk wanda ya karanta abu a intanet sai ya zo yana koya wa mutane aiki. Shekarata 19 ina buɗe cikin injinan nan. Na ga wadda kanta ke tsayawa a rabin hanya saboda ƙurar hunturu ta daskare a sandar da yake gudu a kai, na ga wadda bel ɗinta ya saki. Ba a duba mara lafiya ta waya. Kuma Hajiya, ki yi haƙuri da abin da ya same ki, amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Wasunmu da sana'ar nan muka aurar da 'ya'ya.

Ɗalibi:
Malam, ban raina sana'arka ba. Amma in sanda ce ko bel, me zai sa jimilla ta koma shafi na biyu a tsare, ba harafin da ya ɓace?

Mai Gyara, Asawase:
Ka taɓa riƙe sukudireba?

Tsohon Akawu:
Ku dakata. Na yi shekara 22 ina buga takardar albashi a irin waɗannan injina a wani kamfanin katako, tun ana aiki da DOS. Yaron nan ya faɗi gaskiya, sai dai ya bar rabi. Wurin saka girman takarda ba ɗaya ba ne. Akwai Printing Preferences, akwai Printing Defaults, akwai Device Settings inda za ka ce wannan takarda ta tarakta ce, wato haƙoran nan da ke jan huji. Ka gyara biyu ka bar ɗaya, gobe da safe ta koma A4. Bayan haka shi kansa shirin da kake lissafi da shi, ko Excel ne ko wani, yana da nasa saitin shafi, kuma sau da yawa nasa ne ke rinjaye. A zamaninmu ba ma wannan wahalar. Layi 66 shafi ɗaya ne, layi shida a kowane inci, injin ya sani, mu ma mun sani.

Kuma kada ka koma Windows 7. Tun Janairun 2020 Microsoft ta daina kula da ita, ga lissafin bashin mutane a ciki.

Mai Gyara, Asawase:
Alhaji, na yarda da kai don kai ka yi aikin. Amma duk da haka ya goge sandar ya ɗiga mata man keken ɗinki, ya kuma duba sandar kaurin takarda in zai buga mai kwafi uku.

Baban Yara, Madina:
In ma sabuwar zai saya nawa take? Wani ya ce mini sidi 9,000 a Adum.

Mai Goro:
Ina! Ƙanina ya tambaya watan jiya aka ce masa 14,000.

Sarkin Tasha:
Ni na ga ta hannu, wadda aka shigo da ita daga Turai, 2,500 har da ribon biyu kyauta.

Hajiyar Nima:
Araha ba ta ado. Ka tambaye shi kan wa aka cire aka sa mata.

Tsohon Akawu:
Wanda ya ce 9,000, anya ba ƙaramar aka nuna masa ba? Ko da yake ita ma ƙaramar, in ka matse rubutu zuwa haruffa 17 a inci, tana ɗaukar haruffa 137 a layi. Mun sha yin haka in babbar ta tsaya. Sai dai mai shekaru irin kawunka zai nemi tabarau.

Sarkin Tasha:
Ni dai roƙona, in an gyara ta a daina bugawa da azahar. Ta maƙwabcinmu in ta fara, sai ka rantse injin markaɗe aka tayar, har wata ta taɓa aiko yarinya da roba cike da wake.

Mai Goro:
Ku kuna ta zancen direba da bod, ba wanda ya tambayi abin da ya kashe tsohuwar kwamfutar. Wuta ce ko ba ita ba?

Ɗan Alabar:
Ita ce, yaya. An ɗauke an kawo sau uku cikin awa ɗaya, a na ukun muka ji ƙauri. Na yi gwajin da Ɗalibi ya ce, ta buga tun daga hagu har ƙarshen dama, haruffa tsaf, ba farin layi. Amma na ƙirƙiri girman takardar, inci 15 da 11, kuma ba ya fitowa a jerin da zan zaɓa. Me na yi ba daidai ba?

Mai Goro:
Na faɗa! Wutar nan ita ce ta gama da mu. A dumsor ɗin 2015, lokacin da ake ta ɗauke wuta, firiji biyu na rasa da injin ɗaure kaya. Yanzu ma a layinmu da magariba fanka da kyar take juyawa, can tsakar dare kuma wuta ta zo da ƙarfi kamar za ta fasa ƙwai.

Hajiyar Nima:
Mu namu mitar ce. Ka sa kuɗi ran Litinin, ran Alhamis ta fara kuka. Na je ofishinsu sau uku, kullum wanda zai duba ya fita aiki.

Mai Gyara, Asawase:
To kun gani. Rabin abin da ake kawo mini wuta ce ta ƙona shi, amma mai gyara ake zagi. Mutum zai sayi injin dubbai ya ƙi sayen sitabilaiza.

Baban Yara, Madina:
Sitabilaizar ma ai ta jabu ta cika kasuwa. Tawa ita ta fara ƙonewa kafin talabijin ɗin. Wace iri kake ba mutane, Malam, kuma nawa?

Ɗan Alabar:
Alhaji Tsohon Akawu, Ɗalibi, don Allah ko ɗayanku yana kusa? Sunan direban da nake gani a nan Epson ne, amma lambar da ke gabansa ba 2190 ba ce. In goge shi in ɗora wani, ko in bar shi? Gobe Alhamis.

Mai Goro:
Malam, ni ma ina jiran amsar sitabilaizar. Mai ɗaukar firiji da firinta tare nake so.