Kamfanin helikwafta da ya karya farashin kwangila, a ina yake fanshewa?

Ɗan Sabon Gari:

Assalamu alaikum. Tambayata ga matuƙa da injiniyoyi da masu harkar kwangila ce. Idan aka buɗe takardun neman aikin jigila da jirgi mai saukar ungulu, ko na kai ma'aikata rijiyoyin mai a teku ko na kashe gobarar daji, sai a ga farashin yawancin kamfanoni ya yi kusa da juna, guda ɗaya kuma ya faɗo ƙasa warwas. Jirgin iri ɗaya ne, man Jet A-1 kuɗinsa ɗaya, masu ƙera kayan gyara kuma ba sa yi wa kowa ragi don Allah. To a ina na ƙasan nan yake cike giɓin? Mai ba da aiki kuma da me zai bambance mai sauƙi na gaskiya da mai tauye mudu, tunda kowa da lasisin hukuma a hannunsa?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam, Malam. Kuɗin jirgi kashi biyu ne. Akwai wanda ake biya ko jirgi ya tashi ko yana kwance: haya ko bashin banki, inshora, albashi, horo, rumfar ajiya. Akwai kuma na kowace awa a sama: mai, da abin da ake warewa domin gyara. Banki da kamfanin inshora ba a yi musu wayo, mai ma haka. Abin da ya rage a hannun mai son zamba shi ne kuɗin gyara da na horo, domin su ne ba sa nuna kansu yau, sai bayan shekara biyu ko uku.

Hanya mafi tsufa ita ce satar awa. Fukafukan babbar farfela, sandar da ke ɗauke da su, haƙoran giyabos, faifan cikin inji, kowannensu da adadin awoyin da aka yanka masa. Idan ya cika sai a cire shi ko da yana ƙyalli kamar sabo, saboda ƙarfe yana gajiya daga ciki, tsagewar kan fara a inda ido ba ya kaiwa. Ɗauki ƙaramar helikwafta samfurin Robinson R44: awa 2,200 ko shekara 12, duk wanda ya riga, sai garambawul gaba ɗaya. Wanda ke zaftare minti 6 daga kowace awa a littafin jirgi, ranar da takarda ta nuna 2,200 jirgin ya haura 2,440 a zahiri. A ƙananan jirage ma ba sai an wahala ba, waya ɗaya ake cirewa daga agogon ƙirga awa. A arewacin Ostareliya, inda ake kora garken shanu da ƙaramar helikwafta samfurin R22, masu binciken haɗari sun daɗe suna kuka da wannan ɗabi'a.

Ta biyu kayan gyara ne marasa asali. Kowane kaya na gaskiya yana zuwa da takardar saki, 8130-3 ta Amurka ko Form 1 ta Turai, mai wa'adi kuma da katin tarihinsa. Ba aibu ba ne a sa kayan da aka taɓa amfani da su idan tarihin a cike yake. Aibun shi ne a ciro daga jirgin da ya faɗi a rubuta masa sabon kati. A 2022 kotun tarayyar Amurka a tsibirin Guam ta sami kamfanin Hansen Helicopters da mai shi John Walker da laifi. Ƙananan jirage samfurin Hughes 369 suke ba jiragen ruwan kamun kifin tuna haya, kuma an tabbatar suna harhaɗa jirgi daga tarkace su liƙa masa farantin shaidar wani, suna kuma sa kayan da wani ya ƙera musu ba da izini ba, har da na farfelar wutsiya.

Ta uku ba ta da hayaniya. Akwai kundin da ake kira MEL, mai faɗin abin da jirgi zai iya tashi da shi a lalace da kuma tsawon lokacin: rukunin B kwana 3, C kwana 10, D kwana 120. Kamfanin da ba ya ajiye safaya sai wa'adi ya kusa cika a rubuta an gwada an ga lafiya, washegari a sake buɗe matsalar a matsayin sabuwa. Ko a riƙa kwance kaya daga wannan jirgi ana ɗaura wa wancan, kowane ɗauri kuma wata dama ce ta barin noti a sake.

Kyaftin Mai Ritaya:

Injiniya ya faɗi na cikin rumfa. Akwai wanda ake yi tun a takardar neman aikin, wato ƙarya kan nauyin da jirgi zai iya ɗagawa, kuma a ganina ya fi muni domin matuƙin da kansa ake yaudara.

Helikwafta ba ta da ƙarfi tsayayye kamar tirela. Iska na yin shara-shara idan aka hau sama ko zafi ya ƙaru, inji ya rage ƙarfi, farfela ta rasa abin kamawa. Ma'aunin zafin da ake lissafi da shi digiri 15 ne a bakin teku, yana raguwa da kusan 2 a kowace ƙafa 1,000, kuma kowane digiri da ya ɗaru a kan haka kamar an ƙara wa wurin tsayin ƙafa 120 ne. Filin jirgin Kano bai wuce ƙafa 1,600 ba, amma ranar da zafin Afrilu ya kai 40 jirgi ji yake kamar yana kusa da ƙafa 5,000. Ga wani tarko kuma: idan jirgi na shawagi dab da ƙasa, iskar da yake turawa tana tallafa masa. Sai ya tashi lafiya lau, ya ɗan haura ko ya bar kan tudu, tallafin ya ɓace, gudun farfela ya fara faɗuwa. Matuƙi ya ƙara jan sandar ɗagawa, abin ya ƙara lalacewa.

Haka ya faru ranar 5 ga Agusta, 2008 a dajin Shasta-Trinity na jihar Kalifoniya. Jirgi samfurin Sikorsky S-61N na kamfanin Carson Helicopters, wanda hukumar gandun dajin Amurka ta ɗauka haya, ya tashi daga tudu mai kusan ƙafa 6,000 ɗauke da masu kashe gobara, ya kasa hawa, ya daki bishiyoyi, ya kama da wuta. Cikin mutum 13, tara sun rasu. Hukumar bincike ta NTSB ta gano an rage laba 1,437, kusan kilo 650, daga ainihin nauyin jirgin a takarda. An kuma sauya jadawalin ƙarfin inji, aka sa alƙaluman ƙarfin gaggawa na minti biyu da rabi, wanda ake taɓawa idan inji ɗaya ya mutu, a gurbin ƙarfin tashi na yau da kullum. Matuƙan sun yi lissafinsu yadda aka koya musu, sai dai lambobin da aka ba su na ƙarya ne. Dalilin kuwa kwangila: ana auna masu nema da yawan abin da jirginsu zai ɗauka, jirgin da ya fi sauƙi a takarda shi ke cin aiki. A kotu an bayyana har dabarar lissafi aka ƙirƙira, a sa nauyin da ake so ta fitar da lambobin sikeli kamar an auna. A 2015 mataimakin shugaban kamfanin, Steven Metheny, ya sami ɗaurin shekara 12 da wata 7, shugaban sashen gyara kuma wata 25.

Don adalci, a 2012 masu taimaka wa alƙali a wata shari'ar diyya kan wannan haɗari a birnin Portland sun ɗora kaso mafi girma na alhakin kan General Electric mai ƙera injin. Wannan bai goge ƙaryar nauyin ba. Jirgin da ke tashi a bakin iyakarsa ba shi da rarar da zai jure ko ƙaramar tangarɗar inji.

A ɓangaren matuƙa ma ana tsuke aljihu: a biya mutum bisa awar da ya tashi, sai ya ga soke tafiya saboda hazo asara ce daga aljihunsa. A daina tura shi na'urar kwaikwayon tuƙi, wadda a cikinta kaɗai ake iya gwada mutuwar farfelar wutsiya ba tare da an yi jana'iza ba. A rage mai don a ƙara fasinja ɗaya.

Hajiya Mai Lissafi:

Yallabai Kyaftin, ban musa ba, amma kada a bar masu ba da aikin su fita fes. Kuma ba duk mai araha ne macuci ba. Wanda ya gama biyan bashin jirginsa, ko yake da sansani da injiniyoyi a garin tun da, ko yake da jirage goma iri ɗaya suna cin safaya daga rumbu guda, zai iya sauko da farashi da gaskiyarsa. Wani kuma da gangan yake ɗaukar asara shekara ɗaya don ya kori abokin gasa. Wannan ba zamba ba ce, amma asarar sai ta nemi mafita, yawanci ta ƙofar da Injiniya ya nuna.

Dubi tekun Arewa na Turai, inda helikwafta ke kai ma'aikata rijiyoyin mai. Bayan haɗarin helikwafta kusa da Sumburgh a Birtaniya na Agustan 2013 da mutum huɗu suka rasu, kwamitin sufuri na majalisar Birtaniya ya nemi a yi binciken jama'a kan ko matsin kasuwanci na shafar lafiyar tashi, gwamnati ta ƙi. Sai farashin gangar ɗanyen mai ya faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016. Kamfanonin mai suka koma suna sake tayin kwangiloli. Cikin manyan kamfanonin helikwafta, CHC ta nemi kariyar kotu daga masu bin bashi a 2016, PHI da Bristow a 2019. Illar tana cikin sharaɗi guda: kwangila ta shekara biyar a suna, amma mai aiki na iya soke ta da sanarwar 'yan watanni ba tare da laifi ba, alhali hayar jirgin na nan daram a wuyan kamfani. Wanda ke cikin wannan hali ba ya iya cewa a'a.

A Najeriya akwai ƙarin nauyi. Inji, giyabos, inshora da horon waje duk da dala ake biya. Wanda ya yi tayi da naira ba tare da sharaɗin daidaita canji ba kafin a saki naira a Yunin 2023, kuɗin gyaransa ya narke a hannunsa ko da niyyarsa fara ce.

Ɗan Sabon Gari:

Na gode ƙwarai. Injiniya, saura rabin tambayar: mai ba da aiki me zai duba, tunda takardar ce ake gurɓatawa?

Tsohon Bakanike:

Kada ka tambayi takarda ta ba da shaidar kanta, Malam. Haɗa ta da abin da kamfanin ba shi da iko a kai. Awoyin littafin jirgi a gwada su da rasit ɗin mai, da awoyin da aka caje ka a takardar biya, da bayanan na'urar bin sawu, da ƙwaƙwalwar injin idan na zamani ne, da littafin matuƙi. Wanda ke satar awa yakan caje ka cikakkiya ya rubuta gajeriya, nan ake kama shi.

Nauyi kuwa a auna a gabanka, cikin rumfa a rufe don iska, da sikelin da takardar saitinsa ba ta ƙare ba, a kuma bi jerin kayan da ke jikin jirgin ɗaya bayan ɗaya: kujeru, tankin ƙari, ƙugiyar ɗaukar kaya. Dokar Amurka ta ce a sake auna jirgin haya mai inji biyu duk wata 36, ta Turai shekara huɗu, amma ba abin da ya hana ka sa shi sharaɗi kafin fara aiki. Jadawalin ƙarfi a karɓo daga maƙerin jirgin ko hukumar da ta amince da shi, ba kwafin da mai neman aiki ya miƙo ba.

Sannan a zaɓi kaya biyar masu wa'adi ba tare da an sanar ba, a karanta lambar da ke jikin ƙarfen da fitila, a bi katinsa baya har ranar da aka ƙera shi. A duba matsalolin da aka ɗage a wata shida da suka wuce, a ga ko guda ɗaya ce ke ta dawowa. Idan jirgin na da HUMS, na'urar da ke sauraron girgizar giyabos, a tambayi ranar da aka sauke bayananta na ƙarshe da sunan wanda ya duba su.